Raɗar da ke Ƙarshen Kaset

Litinin, 18 ga Mayu 1998, da hantsi

Madam Balaraba, shugabar projenmu na binciken noma, ta ɗora mani wani aiki yau: in nemo wa ordinater, wato kwamfuta, lasifika ta kirki. Waɗanda suka zo da ita 'yan ƙanana ne na roba, ba su fi gwangwanin tumatur ba, in ka ƙara musu murya sai su kama karkarwa a kan tebur. Shekara guda muna aiki da su ba wanda ya yi ƙorafi. Yanzu saboda kaset guda an ce ba su iya ba.

Aikinmu a biron nan, wato ofishinmu na Madarunfa, ba shi da wuya. Madam da direba su shiga ƙauyuka da manyeto, akwatin ɗaukar magana, su ɗauko hirar tsofaffin manoma a kan iri da ƙasa da alamun damina, ni kuma in juye kaset cikin ordinater, in saurara, in buga a takarda. Kaset sittin da ɗaya na buga ba gardama. Na sittin da biyu ma na buga, saura daƙiƙa arba'in na ƙarshe, inda tsohon ya yi ƙasa da murya har ba a jin komai sai shuuu. Na ce mata a bar wurin haka, ai ba duk abin da tsoho ya furta ne ilimi ba. Ta ce a'a. Ta ce yadda ya yi kafin ya faɗi wannan maganar, ta tabbata ita ce kan hirar duka.

Na tambaye ta yadda ya yi, ko da yake ban so ji ba. Ta ce a Garin Jatau ne, bayan Gabi, cikin watan Maris. Da suka gama hira ya tambaye ta wa zai saurari abin nan. Ta ce sakatarenmu ne, Shu'aibu, shi ke saurara ya rubuta. Ya sa ta maimaita sunan. Sannan ya ce kowa ya ja da baya, ya karɓi manyeton, ya jawo gwadonsa ya lulluɓe kansa da shi duka, ya yi abin da zai yi, ya miƙo mata. Tana ba ni labari tana dariya, wai kamar mai sirace.

Ni ban yi dariya ba. Na ce gobe zan shiga Maraɗi.

Talata, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Na je na dawo, rana ta gasa ni a kan mobilet, ɗan babur ɗina. Butik ɗin Isa mai gyaran rediyo na nufa, kusa da babbar kasuwa, don shi ke gyara mana manyeto in ya ci kaset. Isa mutum ne da ba ya sayar maka da allura sai ya karanta maka tarihinta. Ya zaunar da ni kan benci ya yi mani darasi. Ya ce kada in kula da lambar da ake rubutawa a jikin kwali, wat ɗari huɗu, wat ɗari takwas, duk cika baki ne. In ɗaga in ji nauyi, mai nauyi ita ke da ƙarfen kirki a ciki. Ta katako ta fi ta roba fitar da muryar mutum. In zan gwada in gwada da magana, ba da kiɗa ba, don kiɗa yana rufa wa lasifika asiri. Na ƙarshe, in murɗa ta har iyaka ba tare da an sa komai ba, in kasa kunne. Ta gari shiru take yi, ta banza kuwa sai ka ji tana huci.

Da na gaya masa raɗa ce ake son ji, sai ya jawo kask, abin nan da ake maƙalawa a kunnuwa, ya ce ai ga magani, da wannan bakin mutumin zai zo daidai kunnena, ni kaɗai. Ban san lokacin da na ture hannunsa ba. Na ce lasifika aka aiko ni nema, ba abin ɗaure kai ba. Ya dube ni, ya mayar da abinsa cikin durowa, ya ɗauko wasu baƙaƙe guda biyu masu nasu wayar kuran, wato wutar lantarki, ya ce in je in gwada, in ba su yi ba in maido.

Laraba, 20 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya

Ba su yi ba. Ina ajiye su gefen gilashin ordinater sai kusurwarsa ta rine, shuɗi-shuɗi da ja-ja, kamar jikin da aka doka. In na janye su ya koma daidai, in na matso da su ya sake rinewa. Na kira Madam ta gani da idonta. Ta ce to a ja su nesa mana, wayar ai tana da tsawo. Na ce kayan proje ne, ba zan ɗauki alhakin lalata gilashi ba. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki, na sani, ba sai an gaya mani ba.

Muryar kuwa ba laifi. Da kaset na sha bakwai na gwada, wani mutumin Safo mai bayanin yadda ake adana wake cikin toka. Har tarinsa ya fito. Ban sa na sittin da biyu ba, tunda dai mayar da su za a yi.

Alhamis, 21 ga Mayu, da safe

Shamuwa biyu sun sauka kan tsamiyar ƙofar biro. Kowa na murna ruwa ya kusa.

Asabar, 23 ga Mayu, bayan azahar

Ɗelu ta zo, ƙanwata. A amalanken jaki ta taso daga Garin Jatau, ta same ni gida. Hajara matata ta kawo mata ruwa, ta sha, ta ƙi hawa kujera, ta zauna ƙasa bakin ƙofa kamar baƙuwa. To baƙuwar ce, wannan ne zuwanta na biyu gidana.

Tunda littafin nan nawa ne, ba mai karanta shi, bari in daina cewa tsohon. Baba ne, mahaifina. A biro ɗan Maraɗi suka san ni, haka na ce musu ranar da aka ɗauke ni aiki, ba kuma wanda ya bincika. Gidanmu na masu bin al'adar kakanni ne, waɗanda ake ce wa Anna. Na shiga lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, na musulunta ina shekara sha bakwai, na ɗauki sunan Shu'aibu. Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mani sauƙi.

A gidanmu akwai maganar iri. 'Yan kalmomi ne da maigida ke faɗa wa ƙwaryar iri kafin a jefa ƙwaya ta farko a rami, kuma ba a shuka sai an faɗe su. Mutum guda ke riƙe da su. In ya tsufa sai ya sa baki a kunnen ɗansa ya ba shi, ɗan ya maimaita masa, shi ke nan an sauke masa kaya. Abin da kowa ya sani a gidan, ba a kuma faɗarsa da ƙarfi, shi ne ba wanda ya taɓa bayarwa ya ga tsiron wannan shekarar. Kakana kwana biyu ya ƙara. Mu uku ne maza wurin Baba, ni kaɗai na rage. Ranar da na musulunta na gaya masa kada ya sa rai da kunnena. Bara ya aiko sau biyu in zo, ban je ba. Sai ya aiko ta hanyar da ba zan iya tsallakewa ba, ta kan teburin aikina.

Ɗelu ta ce yau kwana tara yana kwance. Ba ya cin komai, sai ruwa da ake ɗiga masa da ludayi. Majon dispansar, malamin asibiti, ya zo ya duba, ya ce shekaru ne, ba abin da allura za ta yi. An share gona, an gyara sungumi, iri na cikin ƙwarya. Sun roƙe shi ya faɗi maganar yana kwance in ruwa ya sauka, ya ce ba ta bakinsa, ya riga ya bayar, tana hanya. Kuma ba a ba da ita sau biyu.

"Yaya, ka ji abin da ya aiko maka?"

Na ce lasifikar ba ta da kyau. Ta tambaye ni mene ne lasifika. Na zauna ina yi wa ƙanwata bayanin nauyi da katako da roba, tana kallon bakina, har jakin ya gama cin harawarsa.

Litinin, 25 ga Mayu, la'asar

Na mayar da baƙaƙen, na karɓo farare. Daga kan hanya na ga hadari wajen gabas. Ban bi ta Gabi ba.

Talata, 26 ga Mayu, bayan an tashi aiki

Fararen ba sa rina gilashi, Isa ya ce an lulluɓe ƙarfensu daga ciki. Amma suna da nasu ciwon. In biro ya yi shiru sai ka ji magana can ƙasa-ƙasa a cikinsu, alhali ordinater ba ta cewa komai. Na kasa kunne, ashe wani gidan rediyon Najeriya suke jawowa, ana sanarwar rasuwa. Isa ya taɓa ce mani siririyar waya haka take yi. Na san dalili, amma sanin bai hana tsikar jikina tashi ba, don sunayen matattu ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a kan teburina da rana tsaka.

Madam ta gaji da ni. Ta zo ta zauna a kujerata, ta ce yau sai an ji, ta nemo wurin da kanta ta danna. Na ce zan je in kama ruwa. Ban kai ƙofa ba abin ya fara. Shuuu, sai kukan kurciya, sai numfashi, sai kalma guda ta fito fes: Nomau. Na fice na jawo ƙofa, na tsaya gindin tsamiya ina kallon kashin shamuwa a ƙasa.

Da na dawo ta ce sauran duk ya cakuɗe da rediyon, ba ta tsinci komai ba. Ta tambaye ni ko Nomau sunan wani irin gero ne. Na ce mai yiwuwa. Sunana ne na haihuwa, don ana tsakiyar noma aka haife ni, kuma na manta rabon da in ji shi a bakin wani.

Alhamis, 28 ga Mayu, da hantsi

An yi ruwan shuka jiya, mai yawa, daga garin Sarkin Yamma har Gabi. Direbanmu ya bi hanyar, ya ce duk inda ka duba mutane ne a gona, maza na sara da sungumi, mata da yara na bi da iri. Ya ce gona guda ya gani ba kowa a bakin Garin Jatau, babba, an share ta tas, ga ta nan jiƙe sharkaf. Yana tambaya ko masu ita ci-rani suka tafi Najeriya ba su dawo ba. Na san gonar, akwai gawo uku a tsakiyarta.

Juma'a, 29 ga Mayu, bayan masallaci

Na yi niyyar tsayar da liman bayan an sallame, in tambaye shi hukuncin mutumin da wata magana ta shiga kunnensa ba da son ransa ba. Har na tsara tambayar yadda ba zai gane ni ne ba. Da na zo kusa sai na gaishe shi kawai na wuce. Ba fatawa nake nema ba.

Shekara sha tara ina gaya wa kaina addini ne ya hana ni, kuma da farko gaskiya ne. Yanzu ma na yi imani rai a hannun Allah yake, ba a bakin kaset ba. Amma ga ni kwana goma sha ɗaya ina zaɓen lasifika, wannan ta yi kaza, waccan ta yi kaza. Tsoro nake ji. Muddin ban ji ba, yana nan. Ban zauna na yi hirar kirki da shi ba tun ina saurayi, kullum ina cewa sai wata rana, kuma in na danna abin nan wata ranar ta ƙare.

To me ya hana ni hawa mobilet in je in zauna da shi yanzu? Zai tambaye ni ko na ji.

Lahadi, 31 ga Mayu, da yamma

Ban je ba.

Litinin, 1 ga Yuni, la'asar

Na mayar da fararen. Yau Isa bai yi mani darasi ba. Ya tashi ya kwance nasa na kan teburin gyara, na katako, tsofaffi, gefensu duk ya goge, waɗanda yake gwada rediyon mutane da su. Ya haɗa mani da ɗan akwatin ƙara murya, ya sa waya mai kauri, ya naɗe su da buhu, ya ɗaure a bayan mobilet da hannunsa. Ya ce ba na sayarwa ba ne, aro ne.

"Mushe Shu'aibu, waɗanga ko ƙuda ya yi atishawa cikin kaset sai ka ji shi. In ka maido su ka ce ba su yi ba, to ba lasihika ba ce, kai ne ba ka son ji."

Na yi fushi, na ce masa aikinsa gyaran rediyo ne, ba duba ba. Ya ce haka ne. Duk hanya ina tsara amsoshin da ya kamata in ba shi, har na iso Madarunfa ban samu ko guda mai nauyi ba.

Talata, 2 ga Yuni, bayan azahar

Na bi ƙa'idodin Isa ɗaya bayan ɗaya, ina fatan su faɗi a wata. Nauyi akwai. Na ajiye su kan benci nesa da gilashi, bai rine ba. Rediyo ba ya shigowa. Mutumin Safo ya yi bayanin wakensa kamar yana zaune gabana, har na ji akuya na tauna a bayansa, abin da ban taɓa ji ba duk sauraron da na yi wa kaset ɗin.

Sai gwaji na ƙarshe. Kowa ya tafi cin abinci, na kashe fanka, na murɗa har iyaka ba a sa komai ba. Shiru na gaske. Na zauna a cikinsa. Can sai na ji numfashi. A hankali yake shiga, ya tsaya kamar ba zai fito ba, sannan ya fito da ɗan gurnani. Na riƙe nawa don in tabbata ba ni ba ne. Ya ci gaba. Na duba ordinater, ba abin da ke buɗe. Na zare wayar kuran, na fita, na zauna wurin mai shayi har Madam ta dawo.

Zafi ne. Na san zafi ne, kuma kwana nawa ba na cin abincin kirki. Hajara ma ta faɗa.

Laraba, 3 ga Yuni, da safe

Ba su da aibu. Na ce wa Madam ina kan gwaji.

Alhamis, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Yau biro Ɗelu ta same ni, ba gida ba. Ban san wa ya nuna mata wurin ba. Ta tsaya a ƙofa da laka har gwiwa, ta ƙi shigowa, ta ƙi tafiya.

Ta ce an yi ruwa na biyu, geron maƙwabta ya tsiro. Ta ce in laimar nan ta wuce shekara ta wuce, kuma baki goma sha ɗaya ke ci daga gonar. Mijinta ya ce a shuka haka nan, matan gida suka ƙi, ba mai yarda ya ɗauki ƙwaryar. Bayan Baba ya yi gyambo don kwanciya. Ya rame har ita kaɗai take ɗaga shi ta juya shi. Ba ya ƙorafi, ba ya kiran kowa. Ya dai sa an jawo tabarmarsa bakin ɗaki ta fuskanci hanya, kuma in ya ji ƙarar mobilet daga nesa sai ya ɗaga kai har ta wuce.

Na tambaye ta yadda yake numfashi. Ban san abin da ya sa na tambaya ba. Ta kwaikwaya mani. Na ce ta bari.

Na fara yi mata bayanin waya da kuran, ta katse ni. Ɗelun da ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba.

"Yaya, kai kana ganin raya shi kake. Ba raya shi kake ba, riƙe shi kake. Ya gaji. Ka sake shi shi tahi."

Muna haka Madam ta dawo daga unguwa. Ta dubi Ɗelu, ta sake dubawa, ta ce ba ke ce kika kawo mana ruwa a Garin Jatau ba, 'yar mai gwado? Ɗelu ta ce ita ce, ta zo wurin yayanta. Madam ta juyo ta dube ni. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ba kunyar an gane inda na fito ba, kunyar an gane na ɓoye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta shige ciki.

Juma'a, 5 ga Yuni, da yamma

Madam ba ta tambaye ni komai ba yini guda. Da za ta tashi ta ajiye makullin biro a kan teburina, ta ce gobe Asabar ba mai zuwa, kuma in kuran ya ɗauke akwai mai a cikin gurup, injin wutarmu.

Asabar, 6 ga Yuni, bayan azahar

Na yi salla a biro. Na rufe taga, na kori awakin da ke kwance a inuwar bango, na kulle ƙofa. Na ja kujera tsakanin lasifikokin biyu. Na ce bismillah. Ban san ko ta dace da wurin ba, amma ita na iya. Na danna.

Kurciya. Motsin gwado. Sunana. Sannan ya faɗa.

Ba zan rubuta ba, ba ta takarda ba ce. Abin da zan iya cewa shi ne shekara sha tara ina zaton wani abin firgita ne, ashe mutum ne ke yi wa gero magana yadda ake yi wa ɗan da zai tafi nesa, ana lallashinsa ya dawo. Muryar ta fito kusa har na ji kamar iskar bakinsa a wuyana, na ji wuraren da harshensa ke neman haƙoran da suka zube. Isa ya yi gaskiya, lasifikokin kirki ne. Sau ɗaya na saurara, ta zauna daram. Na yi kuka mai sauti, irin wanda ban yi ba ranar da aka binne yayyena.

Lahadi, 7 ga Yuni, da yamma, Garin Jatau

Na iso da hantsi. Tun daga bakin gari na ga gonar, ƙasa tsirara tsakanin gonaki masu kore. Na kashe mobilet nesa da gida na turo ta, amma ya riga ya ji. Da na shiga kansa na ɗage.

Ban gane shi ba sai da na ga ƙafafunsa. Ya koma kamar ƙiraren da aka jera aka rufe da gwado. Ɗelu ta kore kowa, ita ma ta fita, ta tsaya can gindin rumbu ta ba mu baya. Na durƙusa na gaishe shi. Na zo da magana mai yawa a bakina, ta shekara sha tara, duk hanya ina jera ta. Bai ba ni fili ba.

"Nomau, ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Maido mani."

Na ce ya bari mu ɗan yi hira tukuna, in ba shi labarin jikokinsa, in ya so da yamma. Ya dai juyo mani kunnensa ya jira. Na daɗe ina kallon kunnen nan. Sannan na sunkuya na sa bakina na faɗa, daga farko har ƙarshe. Yana ji yana lumshe ido. Da na gama ya saki wani dogon numfashi, ba tsayawa a tsakiya, ba gurnani.

Ya tambaye ni ko akwatin ya yi murya da kyau. Na ce sai da na zaɓo mai kyau, sau uku ina zuwa Maraɗi. Gefen bakinsa ya motsa.

"Ka daɗe wurin zaɓe."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Ya ce a kawo masa fura. Ɗelu ta dama da gudu tana hawaye, ya sha ludayi biyu, ni na riƙe masa kai. Ya ce to yanzu in ba shi labarin jikokin. Na fara da babbar, na ce tana aji uku, ta iya lissafi, ga tsiwa. Na shiga labarin ƙaramin, yadda yake bin agwagi har bakin tafki. Ina cikin labarin Ɗelu ta dafa kafaɗata.

Litinin, 8 ga Yuni, azahar

Mun kai shi makwancinsa yadda gidanmu ke kai nasa. Ni na riƙe wajen kai.

Laraba, 10 ga Yuni, da yamma

Ruwa ya sauka jiya. Yau da safe Ɗelu ta kawo ƙwaryar iri ta ajiye gabana a bakin gona, ta ja da baya. Duka suka ja da baya, mata da yara da mijinta, suka juya mani ƙeya, yadda muke yi wa Baba muna ƙanana. Ban taɓa tunanin yadda abin yake daga wannan ɓangaren ba. Gona iyakar ganinka, mutum goma sha ɗaya, ba fuska ko ɗaya. Na ji kaɗaici ƙwarai. Na durƙusa na faɗa. Na jefa ƙwaya ta farko, na take da diddige, sannan suka juyo suka ɗauki sungumi.

Mun shuka rabi. Hannuna ya yi kanta, yara na yi mani dariya wai Mushe bai iya sara ba. Da azahar na yi sallata a inuwar gawo, ba wanda ya ce mani komai.

Litinin, 15 ga Yuni, ƙarfe tara da rabi

Na dawo aiki. Na tarar da Madam zaune a kujerata, ta kunna lasifikokin Isa. Ta yi mani gaisuwa, ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ta ce mutumin kirki ne, ya cika mata jaka da gyaɗa ranar da suka je. Sannan ta ce in yi haƙuri, ta kasa daurewa, ta sa ƙarshen kaset ɗin nan sau uku da safen nan.

Ta ce ba komai a ciki. Kurciya kawai, sai iska. Ta ce waɗannan ma ba su yi ba, in mayar wa Isa abinsa. Kafin in buɗe baki ta danna don ta nuna mani. Na dubi abin murɗawa, yana daidai inda na bar shi.

Baba ya cika ɗakin. Kowace kalma ta fito fes, har da motsin gwado. Na dubi fuskar Madam, ta karkata kai tana yamutsa goshi kamar mai sauraron rijiya, tana girgiza kai. Can ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Shu'aibu, mi kake cewa?"

Na girgiza kai, wai ban ce komai ba. Ta nuna bakina da yatsa. Na kai hannu na taɓa. Gaskiyarta, yana motsi, kuma bai tsaya ba sai da Baba ya gama.